Sawu Uku Zuwa Gyaɗi-Gyaɗi Saboda Giɓin Kawu

Shekara 6 Kawu ya yi bai ja sallar da ake bayyana karatu ba. Azahar da La'asar yakan shiga gaba, amma da an tayar da iƙamar Magariba sai ya tura na'ibinsa, shi ya koma sahun farko ya tsaya a bayan yaron da ya koya wa babbaƙu da farfaru. Mutanen gari wasu suka ce tawali'u ne, wasu suka ce tsufa. Mu 'yan gida mun san abin da ya faru. Wata ranar kasuwa yana dawowa a bayan babur, akuya ta gitta musu, ya faɗi ta baki. Haƙoransa 4 na gaba, na sama, suka tafi. Biyu sun fita a wurin har da saiwarsu, biyu suka karye, aka ƙarasa cire su a asibiti. Tun daga ranar, in dariya ta kama shi sai ya ja amawalin rawaninsa ya rufe baki.

Wanda bai yi tajwidi ba zai ce mene ne a ciki. Bahaushe da leɓɓa biyu yake yin “fa” ɗinsa, ko da haƙori ko babu, amma fa'un ta Larabci sai leɓen ƙasa ya taɓa bakin haƙoran sama take fita. Zalun da 'yan'uwanta biyu kuwa, kan harshe ne ke dafa gefen waɗannan haƙora. Sinun ma in ba ta sami abin da zai tare mata iska ba sai ta koma fito. Kawu ya ce ba zai tsaya gaban jama'a yana yi wa littafin Allah fito ba. An taɓa yi masa haƙorin roba na sakawa da cirewa. Ya sa shi wata biyu, rannan yana tsakiyar karatu ya ji abin ya saki yana rawa a kan harshe. Da ya sallame ya zare shi, ya jefa a gwangwanin da yake ajiye allura da zare, bai sake waiwayarsa ba.

'Yarsa da ke aure a Tarauni ce ta tayar da maganar. Taubashiyata ce, ba ma gaisawa sai da tsiya, amma ranar ko wasa ba ta yi mini ba. Ta ce ta ji ana dashen haƙori a kusa da su, wanda ba a cirewa, kuma in ita ta faɗa wa Baba zai ce almubazzaranci ne. “Kai ɗan ƙanwarsa ne, yana jin nauyin ƙin maganarka. Ka ɗauko mana shi.” Mako 3 na yi ina lallashi. Abin da ya karya masa gwiwar gardama kalmar nan ce ta dashe, domin tun kafin ya zama liman manomin albasa ne. Ya ce, “In dai dashe ne da gaske, mu je in ga irin da suke dasawa.”

Mun hau mota a Kwanar Dangora da sanyin safiya, a farkon hunturu, hazo ya rufe bishiyoyi. Daga Ciromawa har Kura, hagu da dama, noman rani ne, da ruwan madatsar Tiga wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo aka kammala a 1974. Mutane sun dudduƙa a fangali suna dashen tumatir da albasa. Kawu ya manne da gilashi yana yi wa gonakin mutane hukunci. Wannan ya yi da kyau, wancan ya matse shukar, wancan kuma ya yi gaggawa, ya dasa ƙasa ba ta jiƙu ba. A Kura yara masu tallar rake suka yanyame motar. Wani fasinja ya saya, ya miƙa wa Kawu sanda guda don girmamawa. Ya ce, “Na gode, na ƙoshi.” Ni na san mutumin da a da yake shanye sanda biyu a zama ɗaya. Na kawar da kaina.

Muka wuce Tamburawa, muka shiga cunkoson Na'ibawa, inda manyan motocin lemo da na katako suke toshe hanya, muka sauka a Unguwa Uku. Ko jaka ba mu gama saɓawa ba sai ga lasifika a kan wata tsohuwar mota, mai magani yana ta zuba. Basir nasa ne, sanyi nasa ne, tsutsar haƙori ma nasa. Ya ɗaga wata kwalba mai wasu fararen abubuwa a ciki, ya ce duk daga bakin mutane ya fitar da su a safiyar nan. Wani saurayi da kumatu a kumbure yana tsugune a gabansa yana ƙirga kuɗi. Kawu ya tsaya yana kallo, sai da na ja hannun rigarsa muka shiga adaidaita.

Wanda ya daɗe bai bi Titin Zariya ba zai ga unguwar Gyaɗi-Gyaɗi ta zama garin marasa lafiya. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, kowa yake kira Asibitin Malam, shi ne uwa, sauran duk a jikinsa suke ci. Kantunan magani a jere, ɗakunan gwajin jini, wuraren ɗaukar hoton ciki da na ƙashi, masu sayar da bokiti da filas da tabarmar roba saboda 'yan jinya, masu shayi, masu ayaba da kankana. Za ka ji Hausar Haɗeja, ka ji ta Katsina, ka ji ta Damagaram, kowa riƙe da farar takarda ko babban ambulan na hoto. Can gaba ga gadar Dangi da aka buɗe a 2021, mota a sama, mota a ƙasa. Kawu ya ce rabonsa da wurin tun yana shataletale.

Asibitin haƙorin da taubashiyata ta samo yana wani layi ne ta wajen Titin Kotu, gida mai bene ɗaya, janareta yana ruri a bayansa. Muna shiga warin kanumfari ya tarye mu, irin wanda kakarmu take cusa mana a kogon haƙori. Ashe likitoci ma suna aiki da mansa. A benci muka tarar da wata Hajiya mai haƙorin Makka, tana dafe da kunci. Bayan gaisuwa ta ce shekara 20 ke nan da aka sa mata shi a aikin Hajji, lafiyayyen haƙori aka ɗora wa hular, yanzu ƙarƙashinta ya ruɓe. Da ta ji abin da ya kawo mu sai ta gyara mayafi ta ce, “Allah gafarta Malam, shi wannan dashen ba canza halitta ba ne? Haka maigidana yake faɗa.”

Nan Kawu ya sami abin da ya fi so. Ya ba ta labarin sahabin nan Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya. Ya yi hancin azurfa, ya yi masa wari, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya yi na zinariya. Ya ce Abu Dawuda da Tirmizi duk sun kawo shi, kuma da shi malamai suke kafa hujja a kan halaccin mayar da abin da ya lalace a jiki. Abin da aka tsawatar a kai shi ne a feƙe lafiyayyen haƙori don a yi wushirya. Hajiya ta ce, “To Malam, ka san wannan duka ka zauna shekara 6?” Bai ba ta amsa ba, aka kira mu.

Likitan matashi ne, bai fi sa'ar ɗan Kawu na biyu ba. Sai da ya rusuna ya gaishe shi kafin ya nuna masa kujerar da ke kwantawa da mutum. Ya duba, ya latsa dasashi, ya girgiza sauran haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Ya tura mu wani wuri a bakin titi aka ɗauko hoton da ke nuna ƙashi ta kowane ɓangare, aka kuma ɗebi jini. Da muka dawo bayan Azahar ya juyo mana da kwamfuta. Ya nuna ƙashin da ke riƙe da fiƙa, mai kauri, sannan ya nuna wurin giɓin, ya sirance kamar bakin faifai. Ya ce, “Baba, ƙashin muƙamuƙi aiki ne ke raya shi. Duk taunar da ka yi, saiwa tana danna shi, shi kuma yana sabunta kansa. Ranar da saiwa ta fita, ya fara janyewa, kuma mafi yawan ramar a shekarar farko take faruwa. Shi ya sa leɓenka na sama ya faɗa ciki. Na gefe su karkato, na ƙasa su yi ta tsawo suna neman abokan gamuwarsu.”

Sai ya tambayi inda aka kai haƙoran nan biyu da suka fita da saiwarsu. Kawu ya ce yara ne suka tsinto su, ya naɗe a tsumma ya binne. Likita ya ce da an kama su ta kai, ba ta saiwa ba, an tsoma su a madara, an kawo su wurin likitan haƙori cikin awa guda, da akwai kyakkyawan zaton a mayar da su gurbinsu su kama. Kawu ya yi shiru yana jan carbi. Na tuna muna yara, in mun yi famfara, mukan jefa haƙorin a kan rufin ɗaki mu toshe baki kada ƙadangare ya ga giɓin ya hana sabo fitowa. Wannan dai an koya mana. Zancen madara kuwa sai ranar na fara jin sa.

Daga nan ya buɗe wani ɗan akwati ya ɗora wa Kawu samfurin abin a tafin hannu. Ɗan ƙarfe ne ruwan toka, tsawonsa kamar santimita 1, da zare a jikinsa. Kawu ya juya shi, ya kai shi kusa da ido, ya ce, “Likita, wannan ai noti ne, irin na injin ban-ruwa.” Likita ya yi dariya ya ce noti ne, amma na titaniyam, ƙarfen da ƙashi ba ya ƙyama. Ya ba mu tarihinsa a taƙaice, daga baya ni ma na bi na karanta. Wani likita ɗan Suwidin, Per-Ingvar Branemark, yana binciken gudanar jini a ƙashin zomaye a 1952, ya sa musu wata 'yar na'ura ta titaniyam. Da ya zo cirewa sai ta ƙi fita, ƙashi ya manne mata. A 1965 ya dasa wa mutum na farko, Gosta Larsson, a birnin Gothenburg, kuma mutumin ya rayu da dashen har ya rasu a 2006. Duniya ba ta karɓi abin sosai ba sai bayan wani taron likitocin haƙori a Toronto ta Kanada a 1982. Kawu ya ce, “Ashe zomo ne malaminsu.”

Hanya 3 ya shimfiɗa mana. Ta farko haƙorin roba, mai araha, wanda Kawu ya riga ya sani. Ta biyu gada, wato a feƙe lafiyayyun haƙoran da ke gefen giɓi a rataya musu sababbi, sai dai giɓin haƙora 4 yana da faɗi, nauyin zai yi wa fiƙoƙin yawa. Ta uku dashe. Ba sai an sa noti 4 ba, 2 sun isa, ɗaya a kowane gefe, su ɗauki haƙora 4 a haɗe. Amma sai an yi wa ƙashin ciko da wani gari, don ya yi kaurin da zai rufe notin. Kawu ya tashi zaune. “Garin ƙashin me?” Likita ya ce akwai na saniya, akwai wanda ake haɗawa a masana'anta, akwai wanda ake kankarowa daga muƙamuƙin mutum kansa, kuma a kasuwar duniya har da na alade, don haka tambayar tana kan hanya. Ya ɗauko kwalin ya ba ni na karanta, na masana'anta ne. Kawu ya koma ya kwanta.

Takardar jini ce ta tsayar da mu. Gwajin yana nuna yadda sukarin mutum ya kasance cikin kimanin wata 3, kuma na Kawu ya hau. Bai taɓa sanin yana da ciwon suga ba, yawan fitsarin dare ya ɗauka na tsufa ne. Likita ya ce ba zai taɓa shi ba sai sukarin ya sauka, domin miki ba ya warkewa da wuri a jikin da sukari ya yi yawa, ƙwayoyin cuta kuma su sami wurin zama. Ya tambaya ko yana shan taba, don ita ce babbar mai kashe dashe. Kawu ya ce sai dai goro. Aka rubuta mana takarda zuwa wurin likitan suga. A bakin ƙofa Kawu ya juyo ya yi tambayar da ke cinsa tun safe, zancen tsutsa. Likita ya ce babu wata tsutsa. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, su ci zaƙin da ya maƙale a haƙori, su fitar da tsami, tsamin ya yi ta cin haƙorin har ya yi kogo. Ya ce yana ganin masu zuwa da dasashi a ƙone saboda sun ɗiga ruwan batir.

A Tarauni muka kwana. Taubashiyata ta yi gurasa, ta yayyanka wa mahaifinta ƙanana, ta jiƙa su da romo har suka yi laushi, ba tare da ta ce komai ba. Bayan Isha aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka kira 'ya'yansa maza a waya, aka sa a lasifika. Da na faɗi kuɗin aka yi tsit. Ya kai kuɗin bijimi. Kawu ya ce a bar maganar, kuɗin da zai yi wa masallaci rufi ba zai zuba shi a bakin da ya kusa shiga ƙasa ba. Surukinsa yana gefe, kansa a sunkuye, bai sa baki ba. Babban ɗansa ne ya ce daga cikin waya, “Baba, rufin masallaci jama'a za su yi. Karatunka kuwa ba mai yi mana shi.” Aka yi karo-karo, kowa ya faɗi abin da zai iya, kuma da yake aikin mataki-mataki ne, biyan ma kashi-kashi aka tsara shi.

Sawu na biyu sai bayan wata 3. Kawu ya daina zuba sukari cokali 4 a koko, yana shan maganinsa, gwaji ya yi kyau. Sanyi ya fara ja da baya, alkama ta yi kai, kwandunan tumatir sun cika Kwanar Gafan har bakin titi. Wannan karon ba a bar ni na shiga ba. Na zauna a benci ina jin ƙarar na'ura ta bango. Kusa da ni wani direban adaidaita ne da turminsa na ƙasa ya yi kogo. An ce masa za a iya wanke cikin saiwar a cike a ceci haƙorin, ya tambayi kuɗi, ya tambayi na cirewa, ya ce a cire. Na ce masa giɓi ba ya zama yadda aka bar shi, na maimaita masa abin da na ji a sawun farko. Ya ce, “Yallaɓai, na ji. Balas zan kai da yamma.” Ban sami abin ce masa ba. Cikin minti 20 ya fito da auduga a baki, ya tayar da mashin ɗinsa ya tafi. Yawancin giɓin da ke bakin mutanenmu haka aka same shi.

Kawu ya fito bayan kamar awa ɗaya da rabi, leɓe a kumbure, yana tafiya da ƙafarsa. Da daddare ya ba mu labari da kyar. Allurar kashe zafi ce kawai ya ji shigarta. An tsaga dasashi, an huda ƙashi a hankali, ana fesa ruwa don kada ya yi zafi ya ƙone, ana sauya bakin na'urar daga siriri zuwa mai kauri. Aka murɗa notin, aka zuba garin ciko, aka rufe, aka ɗinke. Ya ce ciwo babu, sai dai girgiza, kamar maƙwabci yana daka a jikin bangon ɗakinka. Kwana 3 fuska ta yi suntum. Fura mai sanyi ba sukari, kunu da ya huce, daga baya fate. An hana shi tsotsar wurin ko kai masa asuwaki, sai kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi daga washegari. Kwana 10 ya yi a Tarauni aka cire zare. Haƙorin robar nan na cikin gwangwani ma ya yi rana, domin an rage masa ciki yadda ba zai danne ɗinkin ba, aka ce ya riƙa sawa in zai shiga mutane.

Na ɗauka jiran ne zai gagare shi, don an ce na sama yakan ɗauki wata 4 zuwa 6, ya fi na ƙasa daɗewa saboda ƙashinsa bai kai na ƙasa tauri ba. Ashe ni ne mai gajen haƙuri. Duk sanda na buga waya na ce, “Kawu, ya kama kuwa?” sai ya ce, “Ɗana, wanda yake tone dashe yana duba saiwa, kashe shi yake yi.” Azumi ya zo ya wuce, zafin bazara ya zo ya wuce.

Sawu na uku da damina muka yi shi. Gonakin Kura sun koma shinkafa, kore shar har inda ido ya tsaya, ruwa ya kwanta a layukan Gyaɗi-Gyaɗi, adaidaita tana bi tana watsa wa masu tafiya a ƙasa. Hoto ya nuna ƙashi ya rungumi notin duka biyu. Aka ɗan buɗe dasashi aka ɗaura musu kawuna, bayan mako 2 aka cusa masa wani abu mai kama da ƙullun alkaki a baki aka ɗauki siffar muƙamuƙin. Wurin zaɓen launi aka sha dariya. Likita ya kawo wani faranti mai jerin haƙoran tangaran, daga fari fat har mai ruwan ƙasa. Taubashiyata ta nuna mafi fari. Kawu ya ce, “Shekara 50 ina cin goro. In ka jera mini waɗannan a tsakanin tsofaffin, ai sai a ce na aro bakin jikana.” Aka zaɓi wanda ya yi kusa da fiƙoƙinsa, aka kuma wanke masa sauran.

Ranar da aka ɗaura, likita ya murɗa su da wani ɗan sukurudireba, ya sa masa wata takarda mai launi ya ce ya ciza, ya goge inda ya yi tudu, ya sake sawa, har sau 4. Sannan ya miƙa masa madubi. Kawu ya riƙe shi a cinya bai duba ba. Ya ɗora leɓen ƙasa a bakin sababbin haƙoran ya fitar da fa'un, ya sake, ya kai harshe ya gwada zalun. Ma'aikaciyar da ke tsaye ta juya baya tana gyara kayan da ba su buƙatar gyara. Sai bayan nan ya ɗaga madubin, ya duba, ya ce, “Alhamdu lillahi. Allah ya yi maka albarka, Likita.”

Likitan bai bar mu mun tafi da murna kaɗai ba. Ya ce wannan haƙori ba ya ruɓewa, amma dasashin da ke kewaye da shi yana kamuwa, kuma in datti ya taru ƙashin zai zaizaye har notin ya yi girgiɗi ya fita. A wanke baki safe da dare, a bi ƙarƙashin haƙoran da wani siririn buroshi da ya ba mu, a riƙe sukari, a dawo duk wata 6. Ya ce haƙorin da Allah ya halitta yana da wata shimfiɗa tsakaninsa da ƙashi, ita ke sanar da mutum ya ciji tsakuwa, na dashe kuwa ba shi da ita, don haka ban da fasa ƙashi, ban da buɗe kwalba. Kawu ya ce, “Rake fa?” Ya ce a fere, a yanka gutsi-gutsi, a tauna da turame. A hanyar komawa muka tsaya a Kura, na sayi sanda guda, na aro wuƙar mai raken na yayyanka masa a leda. Har Kwanar Dangora yana sha yana zubar da totuwa ta taga.

Harshe bai saba nan take ba. Kusan wata guda ya yi yana tilawa shi kaɗai a zaure kafin wata Asuba ya shiga gaba. Na'ibin ne ya bugo mini waya ya faɗa mini.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2022 mutane kusan biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki da haƙori, kuma na tabbata kaɗan ne cikinsu za su sami 'ya'ya da dangin da za su haɗa musu kuɗin bijimi. Na ga dashe da idona, aiki ne mai kyau, amma ya ci mana sawu 3, da wata 9, da abin da muka daɗe muna tarawa. Kogon da za a cike da kuɗi kaɗan yau, shi ne gobe ake cirewa, jibi a nemi noti. Don haka mai karatu, in kana da kogo je ka a cike tun bai kai saiwa ba, kada ka kai bakinka wurin mai kwalbar tsutsa. In an riga an cire, kada ka bar giɓin ya shekara ba ka nemi shawarar likita ba, ko ba ka da kuɗin dashe akwai abin da za a yi maka daidai ƙarfinka. In kuwa wani ya faɗi a gabanka haƙorinsa na girma ya fita da saiwa, ka kama shi ta kai, ka tsoma a madara, ku nufi likitan haƙori kafin awa ta cika.